Garin kolajin da na sha wata uku, ga abin da na gani

Wallahi talla ce ta ci ni, kullum na buɗe Instagram sai na ga an ɗora fuska sumul kamar ɓararren ƙwai, har dai na tura kuɗi aka aiko min roba ɗaya ta garin kolajin, wato furotin ɗin da ke riƙe fatar jiki, daga baya na ƙara biyu. Mai sayarwar dai ba ta da laifi, kaya sun iso a kan lokaci.

Garin fari ne, a ruwan ɗumi nan da nan yake narkewa, a ruwan sanyi kuwa sai kin gaji da juyi yana gudaji. Yana da ɗan ƙarni, a shayi kina ji, a kunun gyaɗa ko alama. Da gangan na zaɓi na kifi, don daga fatar shanu ko alade ko kifi ake ciro shi, ki duba wannan kafin komai.

Fata ta yi laushi? Eh ta yi, amma fa lokacin ne hunturu ya wuce kuma dama ban fasa shafa man kaɗe ba, to wa zan yaba wa?

Ƙanwata mai karatun haɗa magunguna ce ta ɗauki robar tana dariya ta ce Yaya karanta nan a hankali. Kayan Turai ne, kuma abin da aka rubuta shi ne bitamin C na taimaka wa jiki ya haɗa kolajin don fata ta yi aikinta, ko layi ɗaya bai ce garin da na zuba wa kuɗi ne ke gyara fata ba. Ashe tun 2006 Tarayyar Turai ta yi doka, ba a rubuta wa abinci kirarin lafiya sai hukumarsu EFSA da ke Parma a Italiya ta duba hujja, a 2012 aka fitar da waɗanda suka haye, a maganar fata akwai bitamin C da A da zink da biyotin, babu kolajin. A 2013 ma wani kamfani ya kai nasa kolajin aka ce hujjar ba ta kai ba. Shi ya sa ake barbaɗa bitamin C a ciki don a samu abin rubutawa.

Ƙanwar tawa ta ce akwai ƙananan bincike da suka ga fata ta ɗan ƙara danshi, sai dai da yawansu masu kayan ne suka biya kuɗin, kuma in ya shiga ciki narkewa yake kamar naman miya, ba wai ya san hanyar kumatu ba ne.

Abin da ya ƙona min rai, gwaba ɗaya ta isar wa mutum bitamin C na yini guda, ga ta a baro bakin layinmu. Roba ta huɗu kam ba zan saya ba, ragowar nan zan ƙarasa a kunu don kuɗina ne.