Wurin kafa asibitin gaggawa a Legas: kwamiti ko kwamfuta?

Alhaji, ka tambaya wa ya fi iya zaɓar inda za a kafa asibitin gwamnati idan annoba ta ɓarke, manyan jami'ai da ke zaman kwamiti ko kwamfuta. Ga abin da na fahimta.

Kwamiti yakan fara da abin da ke hannu. Da korona ta shigo a watan Fabrairun 2020, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba aka nufa, wanda ya kwantar da masu Ebola a 2014, daga baya aka kafa tantuna a filin wasa na Onikan. Akwai hikima a ciki: fili a shirye, ga katanga, babu rigima da masu ƙasa. Sai dai gadon asibiti a Onikan, da ke tsibirin Legas, bai rage wa mutumin Alimosho, da ke can nesa da tsibirin, tafiya ba, alhali ƙaramar hukumarsa ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2006.

A nan kwamfuta ta yi wa kwamiti fintinkau. Ana ɗora mata taswira kan taswira: inda mutane suke, tituna, asibitocin da ake da su, unguwannin da ruwa ke ci da damina, da inda aka samu masu cutar. Sai ta lissafa minti nawa motar asibiti za ta ɗauka daga kowace unguwa. Minti, Alhaji, ba kilomita ba. Gadar Third Mainland ba ta kai kilomita 12 ba, amma duk wanda cunkoson safiyar Litinin ya riƙe a kanta ya san tsawonta na gaskiya. Kuma kwamfuta ba ta da ɗan siyasar da za ta faranta wa rai. Mun ga amfanin irin wannan aiki a Kano, lokacin da hotunan tauraron ɗan'adam suka tono ƙauyukan da masu rigakafin shan-inna ke tsallakewa.

Abin da ke damuna shi ne, abin da aka zuba mata kaɗai ta sani. Tauraro rufin gida yake ƙirgawa. Je ka kasuwar Mile 12 bayan isha'i ka ga 'yan dako sun shimfiɗa kwali tsakanin kwandunan tumatir, kowace rumfa ta zama ɗakin kwana. A taswira kasuwa ce kurum, babu mazauni. Haka 'yan uwanmu da ke kwana a masallatan Agege da Idi-Araba. Cunkoso irin wannan ne cuta ke so, kuma shi ne lissafin zai iya ɓatarwa.

Ni dai zaɓina, kwamfuta ta fitar da wurare uku ko huɗu, sannan likitoci da injiniyoyi su taka da ƙafa su duba ruwa, wuta da hanyar shiga, tare da sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa. Su ne za su faɗi mutum nawa ke kwana a rumfunan nan.