Fitilar gwanjo da na saya a Dortmund

Yaya, ina gaisuwa, tare da fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya kasuwa? Ka ce in duba maka harkar fitilu a nan Jamus, ko akwai abin da zai shiga a shago. Na yi jinkirin amsa ne don ina so in taɓa kayan da hannuna tukuna.

Asabar ɗin da ta wuce na je kasuwar gwanjo, wadda suke kira Flohmarkt, inda mutane ke fito da tsofaffin kayan gidansu su baza a kan tebur. A gaban wani dattijo na ga fitila irin mai harba haske waje guda. Kanta kamar kofin ƙarfe ne, fentinsa ruwan madara, ya ɗan ɓare a baki. A wuyanta akwai gaɓa dunƙulalliya wadda ke juyawa ko ta ina, kuma duk inda ka tsayar da kan, nan zai tsaya, ba ya langaɓewa. Da na ɗaga ta sai da na sa hannu biyu, don gindinta baƙin ƙarfe ne zalla. A ƙarƙashi an buga tambarin Jamus ta Yamma, ƙasar da ta haɗe da ta Gabas tun 1990. Dattijon ya ce mahaifinsa ne ya saye ta a shekarun 1960. Muka yi ciniki, ya sallama a Yuro 30.

Da na koma ɗaki na kwance ta, kuma abin da na gani a ciki shi ne dalilin wannan wasiƙa. Sukuru huɗu ne kawai suka riƙe ta, babu gam ko ɗigo. Mazaunin ƙwan na tangaran ne, zafi bai ci shi ba. Makunnin na nan daram, yana ƙara ƙwas idan ka danna. Waya ce kaɗai ta bushe ta tsattsage, na yanke ta na sa sabuwa. Bakin ƙwan irin mai murɗawa ne, E27, wanda ke cike da akwatunan shagonka. Na murɗa ƙwan LED, ta kama nan take. Wanda ya ƙera ta ya san wata rana wani zai buɗe, sai ya bar masa hanya.

Ashe gidan wannan sana'a ma kusa da ni yake. Garin Neheim, wanda yanzu ɓangare ne na Arnsberg a yankin Sauerland, bai kai tafiyar awa guda a jirgin ƙasa daga Dortmund ba, kuma an daɗe ana yi masa laƙabi da garin fitilu. A can ne kamfanin 'yan'uwan Kaiser ya ƙera fitilar tebur da ake kira Kaiser idell. Wanda ya zana ta, Christian Dell, maƙerin azurfa ne, irin maƙeran farfarunmu. Shi ne ogan aiki a sashen ƙarfe na makarantar zane da ƙere-ƙere ta Bauhaus a garin Weimar daga 1922 zuwa 1925, daga nan ya koma koyarwa a Frankfurt, har 'yan Nazi suka raba shi da aikin a 1933. Fitilarsa ta cika ofisoshin ƙasar nan shekara da shekaru. Har gobe ana ƙera ta, amma yanzu kamfanin Fritz Hansen na Denmark ne ke yi, kuma sabuwa guda ɗaya ɗaruruwan Yuro ce. A Lüdenscheid, duk dai cikin Sauerland, akwai kamfanin ERCO da aka kafa a 1934, wanda ya yi suna wajen fitilu masu harbi da ake jerawa a kan dogon ƙarfe a silin, irin waɗanda ke haska kaya a manyan kantuna da gidajen tarihi. Osram kuwa da muka taso muna ganin kwalinsa, sunan haɗin ƙarafa biyu ne, osmium da wolfram, waɗanda aka yi zaren cikin ƙwai da su.

Kada ka ɗauka komai nasu tsarkakakke ne. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun haɗa baki a Geneva cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, don a riƙa saye. Yau ma idan ka shiga manyan kantunan nan, yawancin fitilu masu araha daga Sin suke, irin naka sak: roba ce, an manne ƙwan a jiki, ranar da ya mutu sai bola. Bambancin kawai, doka ta ba mai saye shekara biyu ya mayar da sabon kaya idan ya zo da aibi, shi ya sa kowa ke adana rasit kamar takardar gida.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne gyara. Kafin in kwance fitilar da kaina na tambayi wani mai aikin lantarki. Ya ce in jira mako uku, kuma kuɗin aikin da ya faɗa ya ninka kuɗin fitilar. Wallahi sai na tuna yaron nan da ke zama a ƙofar shagonka, wanda zai buɗe fitilar caji da bakin wuƙa, ya ɗiga dalma, ya miƙa wa mai ita kafin shayinsa ya huce. A nan irin wannan hannu ya yi ƙaranci, har 'yan sa kai ne ke taruwa jefi-jefi a wuraren da ake kira Repair Café suna gyara wa mutane kaya kyauta. Abin yana ci mini rai: su suna da tsofaffin kaya masu karɓar gyara amma gyaran ya fi ƙarfin aljihu, mu muna da masu gyara amma ana jibgo mana kayan da aka rufe da gam.

Batun kawo irin waɗannan shago, ban ba ka shawara ba. Nauyinsu zai cinye ribar a kuɗin dako, kuma sai da wuta suke ci, alhali mutanenmu ta caji da ta sola suke nema. Abin da nake roƙo, in za ka yi odar kaya na gaba, ka juya kowace fitila ka duba bayanta. Ka zaɓi mai sukuru, wadda ake iya cire batirinta a sa wani, ko da ta ɗara sauran tsada kaɗan.

Wannan ɗin dai taka ce. Zan ba wani ɗan'uwa da zai zo gida da Babbar Sallah ya kawo maka. Wutarsu da tamu ƙarfi ɗaya ne, fulogin kawai za ka canza zuwa mai baki uku. Ka ɗora ta a kan teburin lissafi, kuma ka bar yaron ya kwance ta ya ga cikinta.