Shuka rubab a lambun gida: daga iri ko daga saiwa?

Masu sabon lambu sun sha tambayata wanne ya fi dacewa wajen shuka rubab, tsiron nan na ƙasashe masu sanyi da ake cin karansa mai tsami, ba a cin ganyensa saboda yana da guba.

Iri ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yana ƙara kusan shekara guda a kan jira, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba, domin mai sa ran jan kara yana iya samun kore. Saiwar da aka tsaga daga tsohon tsiro ta fi tsada, amma halin uwar take ɗaukowa, kuma a shekara ta 2 ana iya fara tsinka kaɗan. Haɗarinta ruɓewa ne, idan aka binne idonta da zurfi ko ruwa ya kwanta a gindinta.

Da zarar tsiron ya kafu, ko ta wace hanya, yakan kai shekara 10 yana bayarwa.

A ganina saiwa ta dace da mai ƙaramin fili da ke son tabbas. Iri kuwa na mai haƙuri ne da ke son tsirrai da yawa da kuɗi kaɗan.