Tashar nukiliya a kashe: a bar ta da ruwa ko a busar da ita?

Duk wanda ya ajiye mota wata shida sannan ya kai ta wurin makanikan Apo a Abuja ya san inji na tsufa ko ba a kunna shi. Haka tashar nukiliya take. Bayan hatsarin Fukushima a 2011, Japan ta kashe tashoshinta, sai 2015 aka sake tayar da ta Sendai. Duk tsawon zaman nan tsatsa ba ta huta ba.

Hanya biyu ake bi don kare tukunyar tururi (inda ruwa ke zama tururin da ke juya injin lantarki) da bututunta daga tsatsa. Ta farko, a cika su da tataccen ruwa, a zuba sinadarin haidirazin ya cinye iskar oksijin, da amoniya don kashe tsami, a rufe saman da iskar naitirojin. Ranar da aka ce a tayar, ba ɓata lokaci. Amma fa akwai aiki: a kai a kai ana ɗibar ruwan ana gwadawa, ana juya shi kada ya kwanta, ga haidirazin ɗin guba ne.

Ta biyu, a tsiyaye ruwan tas, a riƙa hura busasshiyar iska, tamkar hunturun Jos a cikin bututu. Matsalarta ɗan ruwan da ya maƙale a lanƙwasa. Nan tsatsa ke ci ba mai gani.

Ni dai, in zaman zai kai shekaru, busarwa zan zaɓa. Kwarmin da ake jiƙa tsohon makamashin nukiliya da aka gama amfani da shi kuwa, dole ruwansa ya ci gaba da sanyaya shi.