Baƙin akwatin soso na ajiye abinci: yadda na same shi

Sana'ata girkin biki da suna, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum shi ne abinci ya isa wurin taro da zafinsa. Shi ya sa na sayi baƙin akwatin soson nan mai tambarin EPP (gajeren sunan irin robarsa), bayan farin soso irin na cikin kwalin talabijin ya ishe ni da marmashewa.

Ashe ba roba ɗaya ba ce. Farin yakan fara laushi tun zafi bai kai digiri 100 ba. Shi kuwa baƙin da polypropylene aka yi shi, robar da ake saƙa buhun shinkafa da ita, wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 160. Ƙananan ƙwayoyinta ake kumburawa, a cika mazubi da su, a buga musu tururi har su manne da juna. In kika matso da ido za ki ga shatin kowace ƙwaya a jikin murfin. Iskar da ke kulle cikinsu ce ke hana zafi fita.

A Japan aka fara sa irin wannan soso cikin bamban mota tun shekarun 1980 saboda yana jure bugu, kuma na yarda. Akwatin ya taɓa suɓucewa daga bayan Keke Napep, kusurwarsa ta lotsa, kafin mu sauke kaya ta koma daidai. Ga shi ba nauyi, yarinya ma ta ɗauke shi da hannu ɗaya in babu komai ciki.

Wajen riƙe zafi ba ni da ƙorafi. Dafa-dukar da na rufe da hantsi, bayan la'asar tana tururi. Sharaɗin dai a cika shi, a kuma daina buɗe-buɗe, domin rabin akwati saurin hucewa yake. Tukunyar da aka sauke daga wuta yanzu ba a ɗora ta kai tsaye, gindinta ya fi ƙarfin soson. Juyewa nake a kwanon silba mai murfi.

Inda ya gaza shi ne wari. Miyar daddawa ta zube ciki, na wanke da ruwan zafi da omo, na shanya, amma har yau in an buɗe sai an ji. Manja ma yana shiga tsakanin ƙwayoyin. Kuɗinsa kuma, Hajiya, sai an daure. Yanzu na ware shi don shinkafa da waina kawai, miya tana tafiya a tsohuwar kulata.