Na nemi wajen biyan kuɗi ban samu ba

Jama'ar Jos assalamu alaikum. Masu ta'aziyya da masu barka duk Allah ya saka da alheri, ku yi haƙuri ban amsa ba, abin ne ya haɗe min, kwana 19 ne tsakanin rasuwar Baba da haihuwar nan.

Daren da naƙuda ta kama maiɗakina a nan Manchesta, muna shiga asibiti aka wuce da ita, ni kuma na zaro katin banki na kama zagaye ina neman inda ake biya don jiki ya riga ya saba. Wata nas ta ce ba wani wajen biya, in koma in zauna kusa da matata. Ba wanda ya miƙo min lis, ba safar hannu ba auduga ba "je ka kemis ka dawo". Ba wai kyauta ba ce, mun biya kuɗin lafiya tun wajen neman biza, fam 1,035 kowane mutum a shekara, ga harajin da ake cira a albashi, amma ba a tare ka da maganar kuɗi a bakin ƙofa.

Wallahi a tsaye a wajen nan da kati a hannuna hawaye suka zo min, don daren Baba na tuna. Ƙanena yana kira na daga wani asibiti a Jos, wai sai an ajiye kuɗi kafin a sa oksijin, na tura, netwok ya riƙe, ya fita ƙarfe ɗayan dare neman mai POS, ina jin numfashin Baba ta waya yana sama sama. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ƙaddara ba. Amma dattijo yana kwance ana jiran alat, mu kuma mun saba har ba ma ganin abin a matsayin laifi, sai mu ce "haka ƙasar take" mu wuce. Janaza ma a bidiyon WhatsApp na gani.

Bayan sallama unguwarzoma har gida ta biyo mu, ta auna yaro, kwana na 5 aka ɗiga jini a diddigensa, aka ba mu jan littafin da ake rubuta nauyinsa da rigakafi. Har ni ta tambaya ko ina samun barci.

Sai dai fa kaɗaici. Hutun uba sati 2 ne kacal, maƙwabci ba ya leƙo ka, ba mai dama kunun kanwa ba mai dafa ruwan wankan jego, ni ne uwa ni ne gwaggo. Ganin likitan unguwa kuma sai ka kafa waya tun ƙarfe 8 na safe kana bin layi. Ragon suna a Jos aka yanka, hoto kawai aka turo mana. Huɗubar da na daɗe ina cewa Baba ne zai yi ko ta waya ce, ni na yi ta da bakina, murya na rawa.

Sunansa aka mayar, muna kiransa Abba. Dan Allah duk mai tahowa Ingila nan kusa ya min magana, Hajiya ta ajiye min hular Baba da carbinsa.