Na sa wa Camry bututun iska mai sanyi a Legas, ga abin da na samu

Samarin unguwarmu a Agege tambaya ɗaya suke yi mini tun da suka ji yadda motata ke gurnani in na taka totur: wai wannan bututun shigar da iska mai sanyi cikin inji, da 'yan kasuwa ke kira "kol eya intek", da gaske yana ƙara wa mota ƙarfin doki? Na yi rani da shi, na shiga damina da shi, don haka ina da bakin magana. Yana ƙarawa, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma a gudun da direban Legas ba ya kaiwa sai jefi-jefi. Abin da kuɗin mutum ke saya masa da gaske ƙara ce mai daɗin ji.

Motata Toyota Camry ce ta 2007, wadda ake yi wa laƙabi da Muscle, mai inji 2.4 da silinda huɗu. Kamfani ya ce ƙarfinta doki 158 ne, kuma ba ta ba da shi duka sai inji ya kai juyi 6,000 a minti. A riƙe wannan lissafin, zai yi amfani a gaba. A kasuwar Ladipo da ke Mushin na sayi bututun. Akwai sanannun kamfanoni masu yin irinsa, kamar K&N da AEM da Injen, amma nawa ba na ɗaya daga cikinsu ba ne. Dogon bututu ne na alminiyan mai ƙyalli, da filta mai siffar mazurari wadda ake saukarwa can ƙasa a bayan bamba, kusa da tayar gaba. Makanike ya cire baƙin akwatin roba na kamfani ya ɗaura shi, aikin bai ɗauki wani lokaci ba.

Hikimar abin gaskiya ce, ba ƙirƙirar 'yan talla ba ce. Inji yana ƙona fetur ne da iska, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur in an auna da nauyi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, wato in ta cika silinda iskar oksijin da ke cikinta ta fi yawa. Sansa, wato 'yar na'urar da ke auna iskar, ta auna ta gaya wa kwamfutar mota, kwamfuta ta ƙara fesa mai, fistin ya samu bugu mai ƙarfi. Ƙiyasin da masu harkar inji ke amfani da shi shi ne, duk saukar zafin iska da digiri 5 zuwa 6 na Salshiyos tana kawo ƙarin ƙarfi kamar kashi ɗaya cikin ɗari. To a ce bututun ya sanyaya iskar da digiri 10 cur. Ka samu kusan kashi biyu cikin ɗari, wato doki uku a kan 158. Ba direban da zai ji doki uku a jikinsa yana zaune a kujera. Sai an ɗora mota a kan daino, na'urar da ke auna ƙarfin da ya isa taya, sannan za a gani.

Kuma digiri goman nan ma ba a samunsu da sauƙi, domin akwatin kamfani ba daga cikin zafin inji yake zuƙar iska ba. Wanda ya buɗe bonet ɗin Camry ya bi bakin robar da ido zai ga ya miƙo har gaba, inda iskar waje ke shigowa. Injiniyoyin sun riga sun yi aikin tun a masana'anta. Ina da ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari tana turo bayanai cikin waya, kuma da ita na riƙa duba zafin iskar da ke shiga inji, kafin canjin da bayansa. A kan gadar Third Mainland da sassafe, hanya a buɗe, tsawon kusan kilomita 12 mota na tafe, iskar sabon bututun ta ɗan fi ta akwatin kamfani sanyi, amma bambancin bai wuce 'yan digiri ba.

A gosulo kuwa labarin ya juye. Tsakanin Ketu da Mile 12 da yamma, ga danfo a gaba ga tirela a gefe, AC a kunne, fankar lagireto na hura zafi cikin bonet, sai na ga lambar tana hawa tana hawa. Alminiyan yana shan zafi ya riƙe. Akwai ranar da na tsaya na buɗe bonet na taɓa bututun da bayan hannu, ban iya daɗewa ba. Roba ba ta ɗaukar zafi haka. Kuma in iska ta yi zafi, kwamfutar mota takan jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya yi ƙwanƙwasa, wannan kuwa ragin ƙarfi ne. Wanda ya sayi gajeren nau'in, wanda filtarsa ke zaune tsirara a cikin bonet kusa da inji, nasa ya fi muni, don iskar da ta riga ta dahu yake sha.

Sai maganar cewa faffaɗan bututu yana barin inji ya yi numfashi. Haka ne, amma sai ka danne totur har ƙasa, allurar juyin inji ta doshi 6,000 ɗin nan. A tuƙin yau da kullum abin da ke tare iska shi ne murfin totur, wanda ƙafarka ta buɗe kaɗan. Bututun da ke kawo masa iska ko ya kai faɗin ganga ba abin da zai canza. Daga Agege zuwa Idi-Araba, a ina mutum zai kai juyi 6,000?

Ƙarar dai tana da daɗi, wannan ba zan rage mata komai ba. A akwatin kamfani akwai wasu aljihunan roba da aikinsu kawai kashe sauti ne. In an cire su, da zarar allura ta haura 3,000 sai ka ji inji na zuƙar iska da wani kauri, kamar motar ta girma. Ina jin nan ne yawancin mutane ke ruɗewa: kunne ya ji ƙarfi, sai zuciya ta yarda. Sannan daɗin ƙarar yana sa ƙafa ta yi nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke yi wa aljihu, ni kuwa ban ga sauƙin mai ko kaɗan ba.

Bayan wani lokaci fitilar cek injin ta kama, motar ta fara rawa in tana tsaye. Na kai wa makanikena, wani dattijo Bakano da ya daɗe yana aiki a Agege. Ya ciro sansar da ke auna iska, ya ɗaga ta a hasken rana ya nuna mini siririyar wayar da ke ciki ta yi maiƙo. Filtar irin ta auduga ce da ake shafa wa mai don ya kama ƙura, kuma tawa ta zo daga kwali da mai ya yi mata yawa, iska ta kwaso shi ta shafa wa sansar. Ya feshe ta da maganin wanke sansa, motar ta daidaita. Sannan ya zura yatsa cikin bututun ya fito da shi da laushin ƙura ja-ja.

Ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Ta wuce filta ke nan. Gabanta kuma sai silinda."

Filtar takarda ta kamfani ta fi tare ƙura mai laushi, kuma a garin da hunturu ke kawo ƙura, ga titunan unguwa marasa kwalta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙura a silinda tana cin ringi a hankali, sai wata rana ka ga mota ta fara shan baƙin mai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwa. Kowa ya san yadda Iyana Oworo da hanyar Lekki ke zama in an kwana ana ruwan sama a watan Yuni ko Yuli. Filtar da ke ƙasa a bayan bamba, in ta nutse, inji zai zuƙi ruwa kamar yadda yake zuƙar iska. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya taso ya tarar da ruwa a silinda, dole wani abu ya ba da kai. A garejin nan dattijon ya ɗauko mini sandar fistin ta wata Honda Accord da aka jawo masa bayan wani ruwa. Ƙarfe ne mai kauri, amma ya lanƙwashe a tsakiya. Mai motar irin bututuna ya sa, kuma ruwan da ya shiga da motar bai kai gwiwa ba. Sai da ya sayi wani injin tokumbo. Duk lokacin da hadari ya haɗu ina kan hanya, wannan sandar nake tunawa, in ga keke Napep na ratsa ruwa ni ina laɓe a gefe ina jira ya janye.

Akwai waɗanda abin zai yi wa rana. Mota mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi), wadda aka gyara wa kwamfuta aka kuma canza mata salansa, tana buƙatar iska fiye da yadda akwatin kamfani zai ba ta, kuma a nan ƙarin yakan fito fili. Wanda kuma ƙarar kawai yake so, ya san ita yake saya, ya nemi na kamfanin da aka sani, mai rufaffen akwati da busasshiyar filta, wanda aka ƙera don irin motarsa kuma yake zaune a sama nesa da ruwa. Amma mai Camry ko Corolla ko Accord da yake kai yara makaranta ya wuce kasuwa, in ya ji motarsa ta rage ƙarfi, ya fara da sabuwar filta ta gari, da fulogi, da wanke nozul da bakin totur. Da na yi wa tawa waɗannan, bambancin da na ji ya fi na bututun nesa ba kusa ba.

Ni dai na mayar da akwatin kamfani tun damina ba ta yi nisa ba. Wanda ya ƙudura sai ya gwada, ya karɓi tsohon akwatinsa da duk robobinsa da ƙusoshinsa a ranar da aka cire, ya kai gida ya adana. In ya bar shi a gareji, ranar da zai neme shi sai ya koma Ladipo ya saya da kuɗinsa.